Tattaki daga garin Bauchi zuwa dam ɗin Gubi a zaman gida na korona, Yuni 2020: wa ya san lissafin tafiyar?

Baban Ummi, Fadaman Mada

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce daga matasan layinmu. A wannan wata na Yuni 2020 makarantu a rufe saboda korona, iyakokin jihohi ma har yanzu ba a buɗe ba, zaman gida ya ishe su. Sun ce za su taka da ƙafa zuwa dam ɗin Gubi ranar Asabar, su dawo a ranar. Su shida ne, ƙaraminsu ɗan shekara 15. Shin doka ta yarda? Awa nawa tafiyar za ta ci, kuma me ya kamata su riƙe? Masu sani a taimaka mana dalla-dalla, kada mu sake su da ka.

Barista, Wunti

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Hanin da gwamnatin tarayya ta sa, wanda ya fara aiki ranar 4 ga Mayu 2020, na tafiya ne daga jiha zuwa jiha. Gubi na cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, a jihar Bauchi, don haka wannan hanin bai shafe su ba. Dokar hana fitar dare kuwa da farko daga ƙarfe 8 na dare ne zuwa 6 na safe, amma tun 2 ga Yuni ta koma daga 10 na dare zuwa 4 na asuba. Ke nan fita bayan sallar asuba ba laifi.

Kowa ya riƙe takunkuminsa da wata shaida, ko katin zaɓe ko na makaranta. Su saurari labaran rediyon jiha daren Juma'a, saboda gwamna na da ikon kulle ƙaramar hukuma shi kaɗai, kamar yadda aka yi wa Katagum da Giade da Zaki a watan Mayu. Sai abu na ƙarshe da matasa kan manta: samun damar tafiya a hanya daban, samun izinin shiga harabar dam daban. Wurin gwamnati ne, daga can garin Bauchi ke shan ruwa, kuma akwai masu gadi. In sun ce a tsaya nan, a tsaya nan.

Kofur mai ritaya

Baban Ummi, gaya wa yaran nan su fara lissafi daga dawowa. Zuwa kowa na iya zuwa, da sanyin safiya da ɗoki.

Daga cikin gari zuwa dam ɗin kimanin kilomita 12 ne. Ku na arewacin gari kun ɗan rage, mutanen Yelwa kuwa sai sun ratsa gari tukuna, nasu ya fi haka. Lafiyayyen matashi a kan titi mai kyau yana cin kilomita 5 a awa, amma ƙungiya da saurin mafi rauninta take tafiya, ga yashi ga tsayawa, don haka a ɗauki kilomita 4 a awa. Zuwa awa 3 ke nan, a ƙara hutun minti 10 bayan kowace awa. Dawowa gudun zai sauka zuwa 3 da rabi ko ƙasa, sai a ba ta awa 4 da hutu. Jimilla kilomita 24, taku sama da 30,000, awa 7 a kan ƙafa ban da zaman bakin ruwa.

In sun tashi 5:30, za su isa wajen 9 saura. Su zauna minti 40, su juyo 9:30, su shigo gida tsakanin 1 da 1:30 na rana. Lura da cewa awa biyun ƙarshe a tsakiyar rana za su faɗo, daidai lokacin da ruwan gora ya kusa ƙarewa kuma ƙafa ta fara ciwo. A nan ake samun matsala, ba a bakin dam ba.

Su sa wa kansu lokacin juyowa tun daga gida: ƙarfe 9:30 ta yi, duk inda suke su juya, ko da suna hango ruwan. Kuma wanda bai taɓa taka kilomita 10 a rana ɗaya ba, kada ya fara da 24. Ya yi 5, bayan kwana biyu ya yi 8, ƙarshen mako ya yi 12, ya ga yadda ƙafarsa za ta kwana. Ɗan shekara 15 ɗin nan musamman.

Ɗan Tirwun

Kofur, me zai hana su tafi bayan la'asar? Rana ta yi sanyi, ga kallon faɗuwarta a kan ruwa, kuma dokar dare sai ƙarfe 10.

Kofur mai ritaya

Ƙanena, yi lissafin. Tashi ƙarfe 4, isa ƙarfe 7, ga rana tana faɗuwa wajen 7 saura kwata a wannan watan. Dawowar gaba ɗaya cikin duhu, su iso gari 11 ta kusa, sun karya doka. Ga shi hadarin farkon damina da yamma ya fi haɗuwa. Yamma ta wanda gidansa bai wuce kilomita 3 daga ruwan ba ce.

Injiniya, Gida Dubu

Bari in ƙara a kan abin da za su tarar, don dam ba tafki ba ne, gini ne mai sassa, kuma kowane sashe da irin haɗarinsa.

Gubi dam ne na ƙasa da aka dandaƙe, tsawon bangonsa ya kusa kilomita 4, kuma in ya cika yana ɗaukar ruwa kimanin kyubik mita miliyan 38. Tsawon nan ya shiga lissafin Kofur: wanda ya ce bari ya bi saman bango har ƙarshe ya dawo, ya ƙara wa kansa kusan kilomita 8, awa biyu, a wurin da babu inuwa ko ta ɗan tsako, saboda da gangan ake hana itace girma a jikin irin wannan bango. Saiwa na huda ƙasa, in ta ruɓe sai ruwa ya sami hanya.

Fuskar bangon da ke kallon ruwa da manyan duwatsu ake rufe ta don igiyar ruwa kada ta cinye ƙasar. Duwatsun ba a ɗaure suke da siminti ba, suna motsi, na kusa da ruwa kuma gansakuka ta sa su santsi. Ƙafa ta zame tsakanin biyu, idon sawu ne zai tafi, ga mutum nesa da titi. Kuma gangaren ba ya tsayawa a bakin ruwa, haka yake ci gaba a ƙasa, taku uku ko huɗu ruwa ya shanye tsayin mutum.

Wurin da ake jan ruwa zuwa matatar ruwan sha, kada a kusance shi, ko a ƙafa ko a kwalekwale. Sama shiru kamar ba komai, ƙasa ruwa na tafiya zuwa bakin bututu. Haka mafitar rarar ruwa: yanzu a bushe take, sai ta zama wurin zama mai daɗi, amma siminti ne mai gangare, kuma ƙasanta rami ne da ruwa ya daɗe yana haƙa.

Abin da ya fi damuna a wannan watan shi ne taɓo. Farkon Yuni ruwan dam na ƙasa ƙwarai bayan rani, ya ja baya ya bar fili mai faɗi. Saman filin ya bushe ya tsattsage, sai ka ɗauka ƙasa ce mai ƙarfi, alhali ɓawo ne da bai wuce kaurin tafin hannu ba, ƙarƙashinsa laka ce da ta shekara tana kwanciya. Alamar wurin da za a iya takawa ita ce sawun shanu da bai nutse ba, ko yashi, ko tsakuwa. Inda babu sawun komai sai na tsuntsu, a bar wa tsuntsu. In mutum ya nutse zuwa gwiwa, kada ya yi ta fizgar ƙafa, ƙara shiga zai yi. Ya sauke jaka, ya kwanta da baya don nauyinsa ya bazu, ya zaro ƙafa ɗaya a hankali yana ɗan juya ta don ruwa ya shiga gefenta, sannan ɗayar, ya mirgina ya koma ta inda ya fito. Abokansa su tsaya a kan busasshiyar ƙasa su miƙa masa sanda. Takalmi in ya tafi ya tafi.

Wani ƙaramin abu: in za su duba Google Maps, su rubuta sunan dam ɗin cikakke. Akwai harabar Gubi ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a kan hanyar Ningi, wuri ne daban. Su sauke taswirar tun a gida, sabis na iya yankewa a daji.

Maman Hanifa, ma'aikaciyar jinya

Sannu Injiniya. Ni nawa biyu ne: ruwan da za su sha, da ruwan da ba za su taɓa ba.

Mai tafiya a wannan yanayi yana bukatar aƙalla rabin lita a awa, mai yawan gumi ya fi. Awa 7 lita 3 da rabi ke nan ga kowane mutum, wato ruwan leda 7. A ce 8 don ko ta kwana. Nauyinsa kilo 4, jakar goyo mai hannu biyu ake bukata, ba leda a hannu ba. Ruwan leda na fashewa a jaka, gara a juye a gorunan roba. A daskarar da gora ɗaya daren Juma'a a naɗe ta da tsumma, ita ce ta dawowa. A riƙa kurɓa duk bayan minti 15 zuwa 20, ba a jira ƙishi ya yi tsanani a kwankwaɗi lita guda ba. Kuma lokacin juyowa, fiye da rabin ruwan ya kasance yana nan. In rabi ya ƙare kafin a isa, wannan ma dalilin juyawa ne.

Gumi da gishiri yake fita, shi ya sa jijiyar ƙafa ke ɗaurewa. Lita ɗaya daga ciki a yi ta ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kada a ƙara gishirin don a ji ya ji. Guzuri kuwa dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari. Su karya kafin su fita. Wanda ke azumin Sitta Shawwal ya zaɓi ɗaya, ko azumi ko tattaki, watan bai ƙare ba.

Alamomin da za a tsaya a kansu: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, fitsari kaɗan mai duhu. A shiga inuwa, a sassauta kaya, a jiƙa jiki, a sha a hankali. In mutum ya fara magana ba kan gado, ko tafiya tana tangaɗi, ko ya suma, zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa. A yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Na biyu, tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa mara gudu. Tana fitowa ta yi iyo, ta fi yawa daga hantsi zuwa azahar, kuma ta fata take shiga cikin 'yan mintuna, ba sai an sha ba, ba sai da rauni ba. Tsoma ƙafa don a huce gajiya ya isa, alwala ma ta isa. Ba a jin komai sai ɗan ƙaiƙayi, sai bayan wata biyu zuwa uku a ga jini a ƙarshen fitsari. Maganinta praziquantel, ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo, kuma manyan tsutsotsi yake kashewa, don haka shan sa washegarin shiga ruwa ba ya wadatarwa, sai an yi makonni 6 zuwa 8. A je asibiti a gwada fitsari. A taƙaice, su riƙe ruwan alwalarsu daban.

Ɗan Tirwun

Hajiya, amma mutanen Firo da ƙauyukan gefen a ruwan nan suke wanka da wanki da su tun suna yara, ga su nan garau. Anya ba tsoratarwa ba ce?

Maman Hanifa, ma'aikaciyar jinya

Ɗana, garau a ido. A garuruwan bakin ruwa da yawa an saba ganin jini a fitsarin yaro har ana ɗauka alamar balaga ce. Ɓarnar a hankali take, mafitsara da ƙoda take ci shekara da shekaru, ga ƙarancin jini. Shi ya sa ake raba maganin a makarantun firamare. Su larura ce ta kai su ruwan, yaran Baban Ummi kuwa kallo ya kai su. Wanda dole ya yi amfani da ruwan, ya tafasa shi, ko ya ɗebo ya ajiye kwana biyu cur kafin ya yi wanka da shi, ƙwayar ba ta kaiwa haka a raye in ba ta sami jiki ba.

Malamin Gona, Ganjuwa

Ni roƙo zan yi a madadin manoma. An yi shuka. Gero da masara da gyaɗa sun fara tsirowa, wasu ko tsawon yatsa ba su kai ba, ɗan birni zai ga fili ne kawai ya ratsa don ya yanke hanya. Mutum shida su bi ta kan kunya, sun kashe layi guda. A bi hanyar ƙafa da ta riga ta fito, ko iyakar gona, ko burtali. In burtali ne kuma garke ya taho, a koma gefe ɗaya gaba ɗaya a tsaya, kada a rabu biyu shanu su bi ta tsakiya, kada a ɗaga sanda. In hanya ta bi kusa da ruga, a yi sallama daga nesa a jira a amsa, masu gida za su tsawata wa karnuka. Kare ya taso, kada a gudu.

A wannan lokaci na cutar korona mutanen ƙauye na ɗari-ɗari da baƙi daga birni, kuma suna da gaskiyarsu. A sa takunkumi kafin a shiga gari, a gaisa ba musabaha, in an ga dattawa a gindin bishiya a faɗa musu daga ina, zuwa ina, ƙarfe nawa za a dawo. In wani abu ya faru, su ne za su fara kawo ɗauki. Mangwaro ko kaɗanya ko ɗorawa da ke cikin gona na da mai ita.

Sai maciji. Farkon damina lokacinsa ne, ruwa ya cika ramuka, an share gonaki, kowa ya fito. Kububuwa ce ta fi yi mana ɓarna a ƙasar Bauchi da Gombe: gajera ce, ba ta cika wuce tsawon kamu ɗaya da ɗan ɗori ba, launinta irin na ƙasa da tsakuwa, in ta ji motsi takan naɗe tana goga jikinta yana ƙara kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi. Ba ta gudu kamar sauran. Mafi yawan sara a ƙafa ne daga idon sawu zuwa ƙasa, don haka silifa ba takalmin wannan tafiya ba ne. Fitar 5:30 da Kofur ya faɗa akwai sauran duhu, a tsaya kan titi da tocila har gari ya waye sosai. Kada a zauna kan tarin duwatsu ko kututture ba a bubbuga da sanda ba, kada a sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse.

Maman Hanifa, ma'aikaciyar jinya

Allah ya kiyaye, in an yi sara: kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, baƙin dutse ba ya jan dafi. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗora ƙafar a kan sanda a naɗe sako-sako don kada ta motsa, a ɗauki mutum, kada ya taka. Dafin kububuwa jini yake hana daskarewa, saboda haka ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, sai parasitamol kawai. Mutum na iya jin sauƙi a ranar farko jini na tsiyaya a ciki, kada a ce a jira a gani. A asibiti za a ɗebi jini a kwalba a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san ana bukatar allurar kashe dafi. A nan asibitin koyarwa na Bauchi ne mafi kusa, a jihar Gombe kuma Kaltungo ta yi suna a wannan aiki. In mai feshin dafi ne ya samu ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa, minti 15 ko fiye.

Kofur mai ritaya

Maganar takalmi da Malam ya taɓo. Kambas da ƙafa ta saba da shi, ba sabon na Sallah ba. Safa mai kauri, da wata ta canji a jaka. A yanke farce kwana biyu kafin tafiya. A shafa basilin tsakanin yatsu da dunduniya da matsematsin cinya. Da an ji wuri ya fara zafi a tsaya a manna filasta kafin ya yi bororo, in ya riga ya yi kada a ɓare fatar. Yashi ya shiga takalmi a zazzage nan take, ƙwaya ɗaya ta isa ta ɓata tafiya. Wando dogo saboda ƙarangiya da ƙaya, riga mai haske mai dogon hannu, malafa ko hula mai baki. Sanda ɗaya ga kowa. Wayoyi biyu a kashe su a ajiye caji, kada duka shida su ƙare a ɗaukar hoto.

Hajiya Babba, Jahun

Ni fa duk na karanta, kuma ban ga abin da ya kai a yi wannan wahala ba. Taɓo, maciji, tsargiya, rana. Baban Ummi, ka ce su zagaya filin ƙwallo su dawo gida. Duk shekara sai an yi jana'izar yaran da ruwa ya ci, balle bana da ba makaranta.

Injiniya, Gida Dubu

Hajiya, ranki ya daɗe, tsoronki na kan hanya. Sai dai matashin da aka hana ba tare da bayani ba, zuwa zai yi a ɓoye, da silifa da ruwan leda biyu, ba wanda ya san inda yake. Gara ya je da sani da babba a tare. Kuma kusan duk abin da aka lissafa a bakin ruwa yake faruwa, a cikin taku ashirin na ƙarshe. Wanda ya tsaya a tudu ya yi kallo ya kauce wa mafi yawansu.

Tunda kin ambaci nutsewa: mai nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, shiru yake yi kansa na sama yana ƙasa. Kuma sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi, don mai nutsewa duk abin da ya kama danne shi yake yi. A miƙa sanda ko rawani ana kwance a ƙasa, ko a jefa jarka mara komai da murfinta a rufe. Jarkar lita 20 ta isa ta riƙe kan babban mutum a sama. A ƙwala wa masunta kira, su ne masu kwalekwale kuma sun san ruwan.

Sai hadari. Nan yankin daga gabas yakan taso, iska mai ƙura ta riga shi. Saman bangon dam shi ne wuri mafi tsayi kuma fili, ga ruwa a gefe, ba inda ya fi shi haɗarin tsawa. In an ga walƙiya a ƙirga daƙiƙa har a ji tsawar, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Ƙasa da daƙiƙa 30, a sauka daga bango, a bar bakin ruwa, kada a fake a gindin bishiya tilo. Kuma rafin da aka tsallaka a bushe da safe yana iya cika kafin azahar da ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa, ko ɗigo bai sauka a kanku ba. Ruwa mai gudu ya kai gwiwa, a zauna a jira, yakan janye cikin awa ɗaya ko biyu.

Ɗan Yamaltu, daga Gombe

Gaisuwa ga mutanen Bauchi. Don 'yan'uwanmu na Gombe da ke zauren nan: kada wani ya ɗauki lissafin Gubi ya ɗora wa dam ɗin Dadin Kowa. Daga garin Gombe kimanin kilomita 35 ne a kan hanyar Biu, awa 9 zuwa kawai. Wannan ba tattakin yini ba ne, sai ga mutanen Dadin Kowa da Hinna da ƙauyukan gefe. Girman ma ba ɗaya ba: an kammala shi a 1984 a kan kogin Gongola, yana ɗaukar kyubik mita biliyan 2.8, ya ninka Gubi sau saba'in da wani abu. Faɗinsa ya sa iska kan tayar da igiyar ruwa mai kifar da kwalekwale, don haka in ba rigar kariya, a bar shiga.

Mu kuma muna da abin da ya fi maciji, dorina. Da dare take fitowa kiwo, har cikin gonakin shinkafa da masara, ta koma ruwa da asuba. Wato lokacin da Kofur ya ce a fita, lokacin komawarta ne. Hanyarta a bayyane take: turba mai faɗi daga ruwa zuwa ciyawa, sawu mai yatsu huɗu, kashi a warwatse jikin ciyayi. Kada a tsaya a kan turbar, kada a shiga tsakaninta da ruwa, mai ɗa kuwa ko daga nesa a ba ta wuri. Duk nauyinta ta fi mutum gudu. A bari rana ta fito sosai, kuma a tambayi masunta ko Sarkin Ruwa gefen da suke a kwanakin. Masu bin kogi ta ƙasan dam su sani ana iya sakin ruwa ba tare da an yi ruwan sama ba, tsibirin yashi ba wurin shimfiɗa tabarma ba ne.

Malamin Gona, Ganjuwa

Haka dam ɗin Waya da ke hanyar Maiduguri, kilomita 20 ne ko fiye daga Bauchi, ya fi ƙarfin ƙafa a yini. Ga mai son kallon ruwa da tsuntsaye kawai, fadamun bayan gari sun wadatar a wannan watan: shamuwa ta iso, ga balbela da zalɓe, in an yi sa'a a ji kirinjijiya na wucewa. Abin da za a guje wa shi ne ramukan da aka haƙi ƙasar titi ko ta bulo. Sun fara tara ruwa, bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, wanda ya zame ba shi da abin kamawa.

Baban Ummi, Fadaman Mada

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da muka tsayar da iyayen sauran: wannan Asabar kilomita 8 kawai za su yi, huɗu zuwa huɗu dawowa, a ga ƙafar kowa. Gubi sai Asabar ta sama, da manya biyu. Saura tambaya ɗaya. Tunda an hana acaɓa tun watan Afrilun 2020, in wani ya kasa a hanyar dawowa, ya za a yi?

Kofur mai ritaya

Ku yi magana da mai Keke Napep na unguwa tun ranar Juma'a, a ba shi kuɗin mai, a ajiye lambarsa a wayoyi biyu, a gaya masa ya bar wayarsa a kunne daga 9 zuwa 2. Ku nuna masa hanyar a taswira, ku yarda a kan wurare biyu da keke ke iya isa, don ba kowace turba yake shiga ba in an yi ruwa. In ma so samu ne, ya zo ya ɗauke su a rabin hanyar dawowa wajen ƙarfe 11, sawu biyu ko uku saboda dokar rage fasinja. Tafiyar ta koma kilomita 18, kuma an cire awa biyun nan na tsakar rana. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba mai wuce na gaba, kuma a bar wa wani a gida sunayen duka da lokacin da in ya wuce ba a ji su ba zai fara kira.

Barista, Wunti

A ƙara da wannan: hoto a kusa da matatar ruwa ko wurin masu gadi sai an tambaya. Kuma robobi da ledojin da aka je da su a dawo da su gida, ruwan da ke wurin shi ne zai fito a famfon Wunti.